Duwatsun Murhu Uku: Tarihin Gida Mai Sauƙi a Tawa da Adar

Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Kaita, ko ya nufi wajen Barmu da Tabalak, abin da idonsa zai fara sauka a kai a bakin ƙauyuka shi ne rumbunan ƙasa, waɗanda Adarawa ke kira ruhewa. Ga su nan jere a kan duwatsu, masu tumbi kamar manyan tuluna, wasu sun fi ɗakin kwana tsayi, an ɗaga siririn bangonsu da laka da ciyawa, babu azara, babu ƙarfe, babu siminti. Talaka ne ke gina su, kuma a cikinsu yake ajiye abincin da ransa ya dogara a kai. Amma a babban birnin ƙasar da ake wannan gini, wato Tawa, wadda takardun hukuma ke rubutawa Tahoua, magidanci mai matsakaicin ƙarfi yana iya shafe shekaru yana tara kuɗin fili da bulo da kwano, yana biyan haya, bai tare a gidan kansa ba. Yadda aka zo nan labari ne mai tsawo. Gida mai sauƙi a Adar ya zauna ne a kan duwatsu uku, kamar tukunya a murhu: fili, kayan gini, da hannun jama'a. Cikin shekara ɗari da 'yan kai an zare su ɗaya bayan ɗaya. Duk shirin samar da muhalli da bai mayar da su gurbinsu ba, iyakarsa ya gina wa masu albashi 'yan gidaje, ya bar sauran jama'a inda ya same su.

A fara da fili. Tawa ta tashi ne daga ƙauyuka biyu na Azna, Bilbis da Fakawa, kuma Bilbis har yau unguwa ce a cikin birnin. Mulki ya yi ta sauya hannu a kan wannan ƙasa. Kabi ta riƙe ta, Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ƙwace ta a 1674, zuriyarsa suka riƙe sarautar Adar da ta zauna a Ilela, sannan a ƙarni na 19 Abzinawan Kel Dinnik suka rinjayi arewacin Adar, Kel Geres suka rinjayi kudu. Zamani ne na hari da bauta da yunwa, kuma masu mulki sun karɓi rabonsu a hatsi da dabbobi. Duk da haka wurin da mutum zai kafa ɗakinsa bai zama haja ba. Baƙo ya zo, ya gaida maigari ko zuriyar waɗanda suka sari dajin, a nuna masa gefe, ya kafa danga. Ɗa ya yi aure, a tsaga masa wuri a cikin gidan ubansa. In fari ya tsananta ko hari ya yawaita, gari ya tashi ɗungurungum ya koma kan dutse ko wani kwari, ya bar kufai. Masana irin su Djibo Hamani da Nicole Echard sun nuna yadda tarihin garuruwan Adar yake cike da tashi da sake zama. Mutanen da ke iya barin gida su ta da wani cikin rani ɗaya, lalle gidan bai cinye dukiyar rayuwarsu ba.

Kayan gini da hannun jama'a kuwa tare suke tafiya. Bayan kaka, hatsi ya shiga rumbu, tabkuna ba su ƙafe ba tukuna, sai a shiga kwaɓa ƙasa. A zuba mata ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta ta jiƙu ta kwana biyu, a tattake, a yi tubali a shanya. A Adar Dutsi, inda dutse ke zube ko'ina, da shi ake aza harsashi da katanga. Mai ƙaramin ƙarfi ya yi kago ya ɗora jinka, mai ɗan hali ya yi shigifa ya rufe da itace da zana da ƙasa, ya sa indararo. Magini ake sallama, shi ma ba lalle da tsabar kuɗi ba, sauran aikin kuwa na gayya ne: samari su yi tubali su miƙa, mata su ɗebo ruwa su yi daɓe, maigida ya ciyar da fura da tuwo, gobe shi ma ya je na wani. Da aka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, aikin da ake gani da ido aka faɗa. Akwai kuma abin da masu zanen gidajen zamani ke yawan mantawa, cewa ba a gina gidan Bahaushe gaba ɗaya. Ana fara shi da danga da ɗaki guda, zaure ya biyo baya, kowane aure ya ƙara ɗaki, danga ta zama katanga a shekarar da damina ta yi albarka. Gida yana girma tare da iyalinsa, shi ya sa bai taɓa buƙatar bashi ba.

Dutsen da aka fara zarewa shi ne fili. Faransawa sun kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20, suka mai da ita mazaunin kwamandan yanki, suka zo da tunanin cewa ƙasar da ba ta da takarda ta hukuma ce. Dokar rajistar filaye ta Yulin 1932, wadda ta shafi ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu, ta shimfiɗa hanyar samun takardar mallaka, kuma a birane ƙa'ida ta zama sai mutum ya raya filinsa da gini mai ƙarko, ana nufin na siminti, kafin a ba shi takardar dindindin. Da haka ginin ƙasa ya faɗa ajin wucin gadi a idon doka, ko da ya shekara ɗari a tsaye. 'Yancin kai na 1960 ya gaji wannan tsari ya faɗaɗa shi. Birni kuma ya yi ta cika: ƙidayar 1977 ta samu kimanin mutum dubu 31 a Tawa, ta 1988 kusan dubu 50, ta 2001 dubu 73, ta 2012 sun haura dubu 100. Fari ya turo makiyaya da manoma, hanyar yuraniyom zuwa Arlit ta jawo 'yan kasuwa da direbobi, jami'ar da aka kafa a 2010 ta kawo ɗalibai da malamai masu neman haya, rashin tsaro a arewacin jihar ya ƙara nasa. Gonakin bakin gari suka koma filayen sayarwa, yankan fili ya zama hanyar samun kuɗin shiga ga hukumomin birane a faɗin Nijar, mai kuɗi ya sayi da yawa ya kewaye ya zauna jiran farashi. Wanda bai iya saye ba ya gangara inda ba mai so, bakin ƙorama, tsohon kududdufi, hanyar ruwa.

Rufi ne ya biyo baya. Bangon ƙasa kusan kyauta ne ga mai ƙarfin tono, amma rufin shigifa itace yake ci, kuma ba kowane itace ba, sai miƙaƙƙe mai jure gara. Azarar giginya ce sarauniyarsu, ita ma in faɗin ɗaki ya wuce kamar mita 2 sai an yi mata tallafi, shi ya sa ɗakunan da suke matsattsu in ba gwanin magini ya sa hannu ba. Giginya tana ɗaukar shekaru gommai kafin ta isa sara, kuma arewacin Adar ba ƙasarta ba ce. Daga kudu ake kawo ta, musamman dazukan yankin Gaya. Farin 1973 da 1974, da na 1984 da ya biyo baya, sun kashe itatuwa da yawa a kan tuddai, mai neman abin sa wa a baki ya sare na kwari ya sayar wa masu girki. Aka wayi gari magidanci na iya ta da bango cikin 'yan makonni ya rasa abin rufe shi. Wasu suka koma ga ƙananan itatuwa irin tumfafiya da rassan da ba su ƙosa ba, rufi ya riƙa lotsawa bayan damina kaɗan. Wasu suka koma kwano. Kwano yana da sauri, amma sai da kuɗi a hannu, kuma a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 yana mai da ɗaki tanda, iskar farkon damina kuma ba ta jin kunyar yaye shi.

Hannun ma ya tafi. Adarawa sun daɗe da sanin biɗa, wato tafiya neman kuɗi, amma daga zamanin harajin Nasara, da ya tilasta neman tsabar kuɗi, zuwa shekarun fari, tafiyar ta zama ginshiƙin rayuwa: Kano da Legas, Kumasi da Akara, Abijan, Kamaru, daga baya Libiya da Aljeriya. Lokacin tafiyar kuwa shi ne lokacin gini, domin da an gama girbi samari ke kama hanya. Gayya ta rasa majiya ƙarfinta, yaɓen shekara-shekara ya koma hannun tsofaffi da mata, ko a biya lebura. 'Yan biɗa suka dawo da kuɗi da sabon ma'aunin mutunci, domin wanda ya ga unguwannin Abijan yana son a ga guminsa a bulo da kwano da ƙofar ƙarfe. Siminti bai yi nisa ba, tunda masana'antar Malbaza, a cikin jihar nan, ta fara aiki tun tsakiyar shekarun 1960, aka kuma gina babba a wurin a ƙarshen shekarun 2010. Sai dai kusanci bai sa ya yi araha ba, domin toya shi yana cin makamashi mai yawa, rodi da kwano da ƙusa kuma galibi daga waje suke zuwa. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan waje suka yi tsalle, ƙasar da ke bayan gari kuwa ba ta san an yi ba. Gida ya tashi daga abin da dangi ke yi da hannunsu ya koma abin saye, farashinsa ya rataya a kan kasuwannin da Ba'adare ba shi da ta cewa a cikinsu.

Hukuma ta amsa da abin da ta gada. An kafa kamfanin gidaje na ƙasa, SONUCI, tun farkon shekarun 1960, an buɗe Bankin Gidaje na Nijar a ƙarshen 2018, kuma bikin ranar Jamhuriya da Tawa ta karɓa a 18 ga Disamban 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tahoua Sakola, ya kawo wa birnin kwalta da fitilu da sababbin gine-gine. Ba a raina waɗannan, domin malamin makaranta da ma'aikacin asibiti su ma suna buƙatar muhalli. Amma ƙofar gidan banki guda ce: albashin wata-wata da za a iya yanka, da takardar fili da za a iya riƙewa jingina. Mafi yawan magidantan Tawa ba su da albashi. Manomin albasa, mahauci, baduku, ɗan kabu-kabu, matar da mijinta ke aiko kuɗi in ya samu, duk samunsu yana zuwa ne a dunƙule sannan ya ɗauke. Irin wannan samu ya dace da gidan da ake ƙara wa ɗaki ɗaya bayan ɗaya, bai dace da wanda aka gama aka miƙa makulli tare da bashin shekaru masu yawa ba. Kusan duk rufin da ke kan mutanen jihar nan, su da maginansu suka ɗora shi. Shirin da zai kai ga jama'a shi ne wanda zai sauƙaƙa musu aikin da suke yi tun asali.

Hujjar cewa hakan mai yiwuwa ne tana nan cikin Adar. A Yama, ƙauyen da ke yankin Ilela, dattawa suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a a 1962, suka danƙa aikin ga maginin garinsu, Falke Barmu, wanda manomi ne kamar kowa. Kowane gida ya ba da abin da yake iyawa, masu yin tubali, masu ɗibar ruwa, masu kawo itace. A 1975, da rufin ya nemi gyara, Falke ya sauya shi da rufin baka, inda ake ɗaure ƙananan sanduna a lanƙwasa su a lulluɓe da laka, ya kuma ɗora tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ta da hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da kamarta. A 1986 masallacin ya ci lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin gine-gine na duniya. Kyan ginin ne ya ja hankalin baƙi, amma darasinsa ga mai neman gida yana cikin yadda aka yi shi. An yi shi sannu a hankali cikin shekara 20, gwargwadon ƙarfin jama'a. An yi mafi wuyar aikin a tsakanin manyan fari guda biyu. Baka kuma ta tsallaka faɗin da miƙaƙƙiyar azara ba ta iya tsallakawa, da itacen da ba shi da wuyar samu. Dangin fasahar da Babban Gwani ya nuna a masallacin Zariya a ƙarni na 19 ce ta bayyana a hannun manomin Adar, ta amsa matsalar zamaninsa.

Kusan lokaci guda, a 1980, a Shikal da ke yankin Filinge, aka fara gwada gini marar itace, inda ake rufe ɗaki da tulluwa ko baka ta tubalin ƙasa zalla, dabarar mutanen Nubiya a kwarin Nilu wadda masanin gine-ginen Masar Hassan Fathy ya farfaɗo da ita. Ƙungiyar Development Workshop ta yi shekaru tana horar da magina a kan wannan a Nijar da Mali da Burkina Faso. Ga mai gina ruhewa abin ba baƙo ba ne, rufin da ya saba yi wa hatsinsa ne aka ce ya yi wa iyalinsa. Itacen ma an nuna yana iya dawowa. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don kare gonaki daga iska sun kai ga ba da sandunan gini, aikin Kaita kuma, wanda ya fara a 1984 da tallafin Italiya, ya dasa miliyoyin itatuwa, akasari da hannun mata. A Dandaji, nan cikin jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da tubalin ƙasa da ake matsewa a inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu tare da maginan yankin. Su ɗin dai, da abokan aikinsu, sun gina rukunin gidaje shida masu bene da irin wannan tubali a Yamai a 2016, suka nuna ƙasa na iya hawa sama a inda fili ya yi tsada.

Za a ce ginin ƙasa ruwa ke cinye shi, kuma hujja ce mai nauyi. Daminar 2024 ta yi ajalin fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, dubban gidajen ƙasa suka rushe, har tsohon masallacin Zinder na ƙarni na 19 ya faɗi a watan Satumba. Gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba don a sake gini, kuma matakin ya dace. Amma a duba yadda bangon ƙasa ke mutuwa. Ruwan da ke dukan jikinsa a hankali yake cin sa, yaɓe ne maganinsa. Wanda ke kayar da shi dare ɗaya shi ne ruwan da ya kwanta a gindinsa, ko wanda ya taru a kan rufin da ya lotsa da indararon da ya toshe. Ruwa kuwa yana kwanciya ne inda aka yi gini a hanyarsa, ko aka yanka unguwa babu magudana, ko aka ɗaga kwalta ta fi gidaje tudu. Yawancin laifin da ake ɗora wa ƙasa na fili ne da na rufi, duwatsun nan biyu da tarihi ya zare. Hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27 tana tsaye tun aikin da aka yi mata a 1844 saboda ana kula da ita. In an ce Agadas ba ta samun ruwa, to Yama tana kudu da Tawa, kuma masallacinta ya haura shekara 60. Harsashin dutse, wanda Adar ke da shi a yalwace, da 'yan buhunan siminti a gindin bango da bakin rufi, sun fi wa talaka amfani a kan buhu ɗari da ba zai taɓa iya saye ba.

Akwai magana ta biyu da ta fi wannan zafi: masu yabon ginin ƙasa galibi a gidan siminti suke kwana, don me za a ce talaka ya tsaya inda kakansa ya tsaya? Ƙorafin yana da gaskiya in ana nufin hana kowa abin da yake so. Wanda ya sha wahalar Abijan ko Sabha ya ga dama ya yi bulo, haƙƙinsa ne, lissafinsa kuma daidai ne, tunda doka da banki da surukai duk sun fi girmama siminti, shi kuma ba ya gida lokacin yaɓe. Sai dai wannan fifiko alƙalamin hukuma ne ya fara rubuta shi, kuma alƙalamin na iya rage shi. In takardar mallaka ta karɓi ingantaccen ginin ƙasa, in aka ga makaranta da asibiti da ofishin magajin gari an yi su da tubalin ƙasa, cikinsu da sanyi a tsakiyar bazara, kunyar za ta ragu da kanta. Za a kuma ce gayya ta mutu, kuma a birni ta kusa, wa'azi ba zai dawo da ita ba. Amma a lura da inda kuɗin gini ke zuwa. A gidan bulo da kwano kaso mai yawa na masana'anta ne da mai shigo da kaya da mai babbar mota. A gidan ƙasa mafi yawansa lada ne ga mai tono, mai amalanke, mai buga tubali da magini, duk 'yan gari, a cikin ranin da ba su da abin yi sai biɗa. Ruhin gayya ma yana nan a wata kama, cikin adashin mata da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya a ƙasashen biɗa, masu haɗa kuɗi su gina masallaci ko su haƙa rijiya a gida.

Idan Tawa da ƙananan garuruwan arewacin Adar, irin su Barmu da Kalfu da Afala da Takanamat, za su tsara gidaje masu sauƙi, tarihin nan ya nuna inda za a sa ƙarfi. A yanka ƙananan filaye a kan tudu, a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai biya kashi-kashi, da sharaɗin wanda ya saya don ajiya bai gina ba a karɓe. A haƙa magudana a kai famfo kafin a aza tubalin farko. A keɓe wurin ɗibar ƙasa nesa da inda gari zai miƙe, don kada kududdufin bana ya zama unguwar baɗi. A horar da magina a kan baka da tulluwa da matsattsen tubali, a ba su takardar shaidar da hukuma za ta amince da ita, bashi kuma ya zama na ɗaki ɗaya ko rufi ɗaya. Ƙananan garuruwan suna da damar da Tawa ta fara rasawa, domin gonakin bakinsu ba su gama komawa hannun dillalan fili ba, kuma maginan ruhewa suna raye. Kowace shekara bayan kaka akwai dattijon da ke aza laka a kan laka da tafin hannunsa, yaro na tsaye yana miƙo masa. In yaron ya ga sana'ar za ta ciyar da shi, kuma doka ta san da zamanta, zai tsaya ya koya. In bai gani ba, zai hau motar Abijan, abin da dattijon ya sani ya bi shi kushewa. Shawarar da magadan gari da majalisunsu za su yanke a kan fili da takarda cikin 'yan shekarun nan ita ce za ta nuna wa yaron hanyar da zai bi.